Burtalin Kwarin Marke

Kwanan baya wani matashi da aka ɗauka aiki a tsohon ofishinmu ya biyo ta gidana a Birnin Kudu ya gaishe ni. Muna cikin hira sai ya ce, "Baba, ai aikin naku ba wani wuya gare shi ba. Ka je ƙauye, ka tambaya ko sun shirya wa ambaliya, ka cike fom, ka dawo. Yanzu ma ba sai an je ba, daga waya ana ganin komai." Na dube shi, na dubi takalminsa, baƙi wuluk yana sheƙi a tsakiyar damina. Na karɓi goron da ya zo da shi na ƙyale shi, don baƙona ne. Amma shi da ire-irensa nake wa wannan rubutu, in har za su iya ɗaga kai daga wayar su karanta.

Sunana Haruna. An ɗauke ni aiki ba da daɗewa ba bayan an yanke Jigawa daga Kano, lokacin da kowane ofis yake da tebur biyar da kujera uku. Kada ku haɗa mu da masu rabon kayan agaji. Su suna zuwa ne bayan ruwa ya gama ɓarna, da babbar mota da mai ɗaukar hoto, a yi musu addu'a a tafa musu. Mu namu zuwan kafin ruwa ne, lokacin da babu wanda yake son ganinmu. Aikinmu mu zagaya ƙauyukan da ke bakin kogi da kwari tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, mu duba ko an ɗaga jinga, wato ganuwar ƙasa da ke tare ruwa, ko an yashe magudanai, ko mutane sun san tudun da za su gudu. Sai mu rubuta. Rahotonmu ya tafi hedikwata, a haɗa shi da na sauran ƙananan hukumomi, a tura gaba, har ya zama wani ƙaton littafi da ake karantawa a ɗakuna masu sanyi ana cewa yanki ya samu ci gaba.

Kowane ƙauye da launinsa a taswirar ofis. Ja yana nufin har yanzu yana cikin haɗari, to shi ake kai wa buhunan yashi da shebur kafin marka. Ruwan ɗorawa yana nufin an fara gyara. Kore kuwa an gama, sai a cire sunan garin daga jerin masu karɓar buhu a kai wa wasu. Ku riƙe wannan da kyau. Mutumin da ke riƙe da fensir a bakin kogi, shi yake yanke wa gari ko zai samu buhu ko ba zai samu ba, ko da shi kansa bai sani ba.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu mai kyan gani a cikinsu. Akwai gora doguwa da muka yi wa zanen fenti taki-taki don auna zurfin ruwa. Akwai tef na awo, da littafi da ake naɗewa a leda biyu, da takalmin roba mai zuwa gwiwa, wanda ake zazzagewa kullum kafin a sa saboda kunama. Da fensir ake rubutu, ba biro ba. Biro in ya ji danshi sai ya malale, ka dawo ofis da shafi shuɗi kamar an rina shi. Sai babur ɗin ofis, wanda rabin tafiyar shi yake ɗauke da ni, rabin kuma ni nake ɗauke da shi.

Aikina na farko a Wurno muka yi shi, ni da Malam Iro, wanda ya koya mini sana'ar. Tun zamanin Kano yake auna koguna, gajere ne, ba ya dariya, ba ya kuma maimaita magana. Ya tsayar da ni gaban wata katanga ya ce in faɗa masa inda ruwan bara ya kai. Na duba sama da ƙasa, katanga sumul, ko tabo babu. Na ce ruwa bai zo nan ba. Ya ce, "To rubuta." Na rubuta. Sai ya ja ni bayan gidan, ya durƙusa gindin rumbu, ya nuna mini duwatsun da rumbun ke kai. Ga zanen laka nan ya bushe, ya haura duwatsun har ya taɓa cikin rumbun. Ya ce, "Katanga an yi mata yaɓe da rani, don mai gida ba ya son baƙo ya ga tabo. Wa ka taɓa gani ya yi wa ƙarƙashin rumbu kwalliya? Goge abin da ka rubuta." Ranar na gane wani amfanin fensir.

Wata shida na yi ina bin sa ina ɗauke da gora. Ya koya mini duba reshen bishiya, inda ciyawa da kara suke maƙalewa in ruwa ya janye. Ya koya mini in tambayi mata masu daka, ta bakin wata tsohuwa, har ina suka kai turmi bara, domin namiji in ka tambaye shi yaya ruwa zai ce ya yi gyara, ko da rabin gidansa na ƙasa. Ba ƙarya yake yi ba. A wurinsa kuka da ruwan sama butulci ne ga Wanda ya saukar da shi, kuma ambaton masifa kafin ta zo mugun fata ne. Doka ɗaya ce Malam Iro ya fi tsananta mini a kai. Ya ce kada in zauna a tabarmar kowa, kada in sha ko ruwa, sai na taka jinga da ƙafata daga farkonta har ƙarshenta. Na ɗauka tsufa ne da taurin kai.

Su mutanen da muke hulɗa da su, kowa da irin nasa. Akwai masu ɓoyewa, na riga na faɗa. Akwai kuma waɗanda suka gano cewa ja yana kawo kaya. A wajen Kangire wani mutum ya nuna mini rusasshiyar katanga ya ce ruwan bana ne. Baɗi na koma, ya kai ni gun katangar nan dai, yana share ƙwalla. Shekara ta uku da ya sake kai ni, har kabewa ta yaɗu a kanta ta yi 'ya'ya. Na ce, "Alhaji, ko dai in yi mata rajista ne a ba ta albashi?" Irin waɗannan su suka sa zuciyata ta bushe. Na fara ganin duk wanda ya ce a ba shi buhu, so yake ya juye yashin ya zuba gyaɗa.

Sai kuma ogana, wanda ba zan kama sunansa ba. Shi bai taɓa ganin launin da yake so irin kore ba. In na kawo rahoto da ja bakwai, sai ya cire tabarau ya ce, "Haruna, kai kullum baya kake mai da mu. Bara ja bakwai, bana ja bakwai, to me za mu ce mun yi?" In na ce, "Yallaɓai, haka na gani," sai ya ce, "To ka dinga gani da kyau." Shi a nasa tunanin, raguwar ja a bango ita ce raguwar ruwa a kogi. Ban taɓa ganin laka a ƙafar wandonsa ba har ya yi ritaya.

A shekarar da nake son ba ku labari, Malam Iro ya riga ya ajiye aiki, ni kaɗai nake zagaye, kuma kaina ya fara girma. Akwai wani ƙauye da ake kira Kwarin Marke, a ƙasan hanyar Gwaram, kogi ya yi masa baka ta gabas. Manoma ne da Fulani zaunannu, sun daɗe tare har sun zama dangi. Tun da na fara aiki ja ne, kowace shekara ana kai musu buhuna. Mai unguwarsu wani dattijo ne, Baba Sale, siriri, mai sanyin murya. Da ranin nan ya tara jama'arsa suka yi gayya, maza na haƙa, mata na kawo ruwa da kunu, suka ɗaga jinga da hannunsu ba tare da kwabon gwamnati ba. Da suka gama ya aiko a gaya mini in zo in gani.

Na isa da hantsi a cikin bazara, rana kamar ta fasa kai, ga babur ya sha mutuwa a hanya. Tun daga bakin gari aka tare ni. Baba Sale ya kama hannuna ya kai ni kan jingar ta wajen masallaci. Gaskiya aiki ya yi kyau. Ta fi ni tsayi, an daddaɓe ta, an dasa mata ciyawa a baya don kada ta zaizaye. Na auna da tef, na taka kamar tsawon gona ɗaya. Daga nan ta lanƙwasa ta shige bayan wasu bishiyoyin mangwaro, ban ga ƙarshenta ba.

Na ce, "Baba, haka take har can?"

Ya ce, "Haka take, Malam, har gindin marke. Mun gama, alhamdu lillahi. Zo ka huta, an yanka maka zabo."

Ga dattawa goma a tsaye a bayansa suna jiran in yaba. In na ce sai na taka sauran, kamar na ce ban yarda da maganar dattijo ba ne a gaban mutanensa. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce na gaji, kuma na ji ƙamshin zabo. Na bi shi zaure, na zauna a tabarma, na ci na ƙoshi, na sha fura da nono mai sanyi. A nan kan tabarmar na buɗe fom. Tambaya ɗaya ce, an kammala jinga ko ba a kammala ba. Gurbi biyu ne kawai, e da a'a. Na cike e. Da na kai ofis oga ya tashi tsaye ya ba ni hannu, abin da bai taɓa yi ba. Da kansa ya cire jan ƙusa daga kan Kwarin Marke ya soka kore, ya ce wannan gari za a sa shi a rahoton shekara a matsayin abin koyi.

Da damina ta kankama aka raba buhuna, Kwarin Marke babu ko ɗaya. Wata safiya sai ga Baba Sale a ƙofar ofis, ya hawo motar haya tun daga can, babbar rigarsa ta jiƙe da yayyafi. Ya cire takalmi a waje duk da ba wanda ya ce ya cire. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi babur. Sai can ya ce, "Malam, dama na ce ko an manta da mu ne bana. Buhunan nan ba su iso ba."

Na ce, "Wane buhu kuma, Baba? Ba kun gama jinga ba? Kun zama kore."

Ya ce, "Mun gama. Dama saboda burtali ne."

Burtali hanyar shanu ce, kowa ya sani. Ni kuwa da na ji kalmar sai na tuna mai katangar kabewa, na ce a raina ga wani ya zo da sabuwar dabara. Na yi murmushin nan na ma'aikaci, wanda na ga irinsa a fuskar matashin da ya zo gaishe ni. Na ce, "Baba, nan ofishin ambaliya ne, ba na shanu ba. In maganar burtali ce, ka je sashen dabbobi, ƙofa ta uku." Ya dubi taswirar da ke bango. Ya ce, "To, Malam, yadda kuka gani. Ku kuka san aikin." Ya yi sallama, ya sa takalminsa ya tafi. Tambaya ɗaya ce ta rage in yi masa, me ya haɗa burtali da buhu. Ban yi ba.

Ga abin da ban sani ba, wanda kowane ɗan garin ya sani. Bayan mangwarorin nan burtali ya ratsa ya gangara kogi, nan shanun Fulanin garin suke bi su sha ruwa safe da yamma tun kakanni. Ba a toshe burtali. Wanda ya toshe shi ya nemi faɗa tsakanin maƙwabta, kuma Baba Sale ba zai taɓa yi wa Ardonsu haka ba. Saboda haka da suka zo wurin sai suka tsallake shi, suka ci gaba da jinga a ɗaya gefen. A wurinsu wannan ba giɓi ba ne, hanya ce, kamar yadda ba wanda zai ce katangar gida ba ta ƙare ba don an bar ƙofa. Kowace shekara in kogi ya taɓa saiwar marke, sai a kai shanu tudu, a fito da buhunan gwamnati a jera su a bakin burtalin, in ruwa ya janye a kwashe. Shi Baba Sale bai san cewa e ɗin da na rubuta ita ce ta kashe buhunan ba. Ni kuma ban san akwai ƙofa ba. Fom ɗin ma bai da gurbin burtali, don waɗanda suka tsara shi ba su taɓa bin bayan saniya ba.

Ruwan ya zo ranar kasuwar Gwaram, da rana tsaka, sama garau babu ko hadari. Can kudu cikin duwatsu aka kwana biyu ana tafka shi, kogi ya kwaso ya taho. Yawancin mazan garin suna kasuwa. Waɗanda suka rage, tsofaffi da mata, da suka ga ruwa ya taɓa saiwar marke sai suka kwaso duk buhun takin da ke garin suka cika da ƙasa. Burtalin garke ne, faɗinsa ya fi na titin mota, kuma kofato ya cinye shi ya zama kwari. Buhunansu ba su rufe rabi ba. Kafin la'asar ruwa ya shigo ta nan. Abin takaicin shi ne jingar da suka sha wahala a kanta ba ta karye ko ina ba. Ta tsaya daram, ta hana ruwan da ya shigo komawa kogi, gari ya zama ƙwarya.

Ba a rasa rai ba, sun san tudunsu, sun gudu makarantar firamare. Amma rumbuna suka tafi. Ku da kuke sayen abinci a kwano ba za ku gane ba. A tsakiyar marka sabon hatsi bai nuna ba, tsohon da ke rumbu shi ne zai kai mutum kaka, a cikinsa kuma iri yake. Rumbun ƙasa in gindinsa ya kwana cikin ruwa, durƙushewa yake yi. Na Kwarin Marke sun kwana uku.

Kafin in tafi duba ɓarna oga ya kira ni, ya rufe ƙofa. Ya ce, "Rahoton shekara ya riga ya wuce, ba a dawo da shi. Ka rubuta cewa ruwan bana ya fi ƙarfin kowace jinga. Daga Allah ne, wa zai yi gardama?" Bai je ba, bai gani ba, amma ya riga ya san abin da zan gani. Har yau in kuka buɗe littafin waccan shekarar za ku tarar da Kwarin Marke a cikin garuruwan da suka ci gaba.

A bakin titi na bar babur, na shiga da ƙafa, ruwa har cinya, ina dogara gora. Wannan karon na taka jingar daga masallaci har ƙarshe. Ban yi tafiyar minti goma daga inda na tsaya da bazara ba sai ga burtalin a gabana, buɗe, da 'yan buhunan taki a warwatse cikin laka. Na daɗe a tsaye a wurin. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma babu kowa a kusa da zan ɗora wa.

A filin makaranta mata sun baza abin da aka tsamo a kan tabarmi da zannuwa. Gero da dawa sun kumbura, sun fara tsiro, fari-fari, wari na tashi. Wasu magidanta har sun ɗaure kaya za su tafi Kano neman abin da za su ci da iyali, su bar gonakinsu a tsakiyar damina. Na yi ta shirya maganar da zan yi tun daga hanya. Na san za a zage ni, kuma na shirya karɓa.

Baba Sale yana zaune a barandar aji a kan buhu. Rumbunansa huɗu ne, ba wanda ya tsaya. Da ya hango ni ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe buhun ya tura mini, shi ya tsuguna a ƙasa. Muka gaisa. Na ce yaya aka ji da wannan abu, ya ce sai godiya. Ya tambayi iyali. Sannan ya matso kusa, ya rage murya don kada mutanensa su ji.

Ya ce, "Malam Haruna, ka yi haƙuri. Ka yi mana takarda mai kyau, an ce har sunan garinmu ya je gaban manya. Ga shi mun ɓata maka. Allah ya sa kada su ga laifinka a wurin aiki."

Na buɗe baki. Duk abin da na shirya yana nan a kan harshena, cewa ni ne ban taka ba, ni ne ban tambaya ba, ni ne na tura shi ƙofa ta uku. Ga dattawa sun fara matsowa, ga littafi a hannuna, ga maganar oga a kunnena.

Na ce, "Ba komai, Baba."

Wallahi abin da na ce ke nan. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya.